Bangon Ɗakin Raudatu

Sha'ibu magini taubashina ne. Ubana da uwarsa ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yara a Tirmini nake da ikon faɗa masa duk abin da ya zo bakina, shi kuwa ba shi da ikon yin fushi. Na mori wannan dama har ta wuce kima, kuma ban yi nadama ba. Amma abin da zan faɗa yanzu ba tsiya ba ce. Na ga mutumin nan cikin tsoro tsawon damina guda, irin tsoron da ke zuƙe naman jikin mutum, kuma ni kaɗai ya yarda na san dalili.

Yana saurayi ya baro ƙauye ya shigo Damagaram koyon gini wurin wani tsoho a Birni. A hannun tsohon ya koyi kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta kwanaki ta ruɓa, da murza tubali, da jera azara, da yaɓen makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Ya koyi haɗa laso, wato yaɓen da ake yi da katsin marina da gashin majema da dafara, wanda ruwa ke zamewa a kansa. Tsohon yana yawan ce masa bangon ƙasa yana shan ruwa da damina ya fitar da shi da rani, don haka kada ya kuskura ya toshe masa hanya. Sha'ibu yakan ce to. In ya zo wurina kuma sai ya kwaikwayi muryar tsohon mu yi ta dariya. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba.

Lokacin da ya fara cin gashin kansa, mutanen gari suna cikin wani hali na rashin sanin abin yi. Gidan ƙasa yana da sanyi, kowa ya sani. Da bazara, sa'ad da ko kare ba ya yarda ya taka rairayi, in ka shiga soron ƙasa sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. Amma duk shekara sai an yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka, kuma in baƙo ya zo daga Yamai sai ya dube shi ya dube ka. Gidan bulo da rufin kwano kuwa yana da kwarjini, ba ya neman yaɓe, sai dai da rana tanda ne. Mutane suna son sanyin wannan da kwarjinin wancan, an rasa mai haɗa musu su.

Sha'ibu ne ya ce shi zai haɗa. Sai ya kakkafa ƙusoshi a jikin bangon ƙasa, ya ɗaura waya mai raga, ya shafe shi da siminti ciki da waje, ya bi da fenti. Ya sa wa abin suna riga. Ba shi kaɗai ke yi ba a gari, amma nasa hannun ya fi na kowa kyau, santsi kamar faranti. Ta wannan aiki ya yi suna, ya yi gida, ya auri Shatu. Har wani taku ya ƙara, yana tafe yana karkata hula. Ni ce nake ce masa sarkin telolin bango.

'Ya'yansu shida, babbar ita ce Raudatu. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da ake nufi da 'yar fari. Sha'ibu bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, in za a yi maganarta sai ya ce yarinyar nan, ko kuma ya tashi ya ba da wuri. Da aka yaye ta ni aka kawo wa, a ɗakina ta girma. Shekarar da ta yi ƙyanda, sau uku a rana yake zuwa gidana aron abu. Ya ari tsani, ya ari igiya, ran nan har taɓarya ya ce a ba shi. Yakan tsaya a ƙofa yana kasa kunne ko zai ji tarinta, bai taɓa tambaya ba, ni kuma don mugunta sai na bar shi ya gama kame-kamensa kafin na ce zazzaɓin ya sauka.

Ita ta kawo Mahamud da kanta, ma'aikaci ne a wani biro, wato ofis, yaro mai ladabi da son a gan shi tsaf. Ya gaji gidan ubansa a Zango, tsohon gini na ƙasa, kaurin bangon ya kai tsawon hannu. Niyyarsa ya rushe ɗakin da amarya za ta zauna ya yi na bulo. Da Sha'ibu ya ji, sai ya aike ni, tunda ni dillaliya ce, babu gidan da ba na shiga. Ya ce in ce kada a rushe, zafi zai kashe mutane a banza, shi zai yi wa ɗakin riga kyauta, ya fito kamar na bulo. Mahamud ya yi murna. Sha'ibu ya yi mako uku a kan ɗakin nan, ya shafe shi ciki da bai, ya yi masa shuɗin fenti. Ban taɓa ganin ya ƙawata aiki kamar wannan ba. Abin da bakinsa ya kasa faɗa wa 'yarsa shekara ashirin, da cokalin gini ya faɗe shi. Daga ranar da aka kai amarya kuma bai sake taka gidan ba, don uba ba ya zarya gidan suruki, balle gidan 'yar fari.

Shekara bakwai aka yi lafiya. Ta haifi Munira, ta sake samun ciki.

Sai aka shiga wata damina mai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wata rana da hantsi, ruwa ya ɗauke tun jiya, rana ta fito tar, wani bango ya kife a unguwar Garin Malam ya danne rago da awaki biyu. Aka kira Sha'ibu ya zo ya duba yadda za a tayar, don shi ya yi wa bangon riga shekaru tara da suka wuce. Daga can bai koma gida ba, wurina ya zo. Ina tsakar gida ina ware atamfofi ya shigo ko sallamar kirki babu, ya tsuguna, ya kwance wani tsumma a gabana.

“Taɓa,” in ji shi.

“Wannan kuma tsarabar ina ce? Ko ka koma cin ƙasa?”

“Larai, taɓa mana.”

Na taɓa. Ƙasa ce baƙa, jiƙe sharkaf, tana warin tsohuwar rijiya. Ya ce daga tsakiyar bangon ya ciro ta. Ya ce simintin waje da na ciki suna nan garau, fentin ko ƙwarzane babu, amma abin da ke tsakaninsu ya zama kunu. Ruwa yana shiga ta 'yar tsaga kamar gashi a gindin indararo, wani kuma yana hawowa daga ƙasa, in ya shiga ba shi da hanyar fita. Bangon da ba shi da riga, rana biyu ta ishe shi ya bushe. Wannan kuwa shekara da shekaru yana tara ruwa a ciki, ba wanda ya gani.

“Bangon da aka bari tsirara yana gaya maka in ya gaji,” ya ce. “Za ka ga ya zaizaye, ya tsage, ka kwashe iyalinka. Wannan ba ya magana. Yana nan da kyansa har lokacin da zai kwanta.”

Na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na fasa. Bai ambaci kowa ba. Ya dai ce, yana kallon ƙasa, “Na Zango gabas yake kallo. Kuma lungu ne a bayansa.”

A nan na gane ɗakin Raudatu yake nufi. Daga gabas hadari ke taso mana, bangon gabas shi ke shan dukan ruwa. Lungun bayan ɗakin Raudatu kuwa da damina rafi ne. Kuma na san abin da shi bai sani ba, don ni ke shiga ɗakin. Gadonta a jikin wannan bango yake, a nan take kwana ita da Munira.

Ya ce in je in yi wa Mahamud magana. Amma ka ji saƙon da ya ba ni: wai in ce, in an sami sarari, a ɗan duba bangon gabas. Bai iya cewa aikinsa ya ɓaci ba, bai iya cewa yana jin tsoro saboda 'yarsa ba. Ni kuma, da nake ganin kaina mai baki, na je na ƙara wa saƙon ruwa. Na zauna na sha shayi, na yi hirar tsadar gero, sa'an nan na sako maganar a ƙarshe kamar abin da na tuna a hanya. Har yau in na tuna haushin kaina nake ji.

Mahamud ya yi murmushi. “Gwaggo, ku ce wa Baba ya kwantar da hankalinsa. Watan jiya na sake pantir, fenti sabo fil, ko tsaga ɗaya ba mu gani ba. Akwai abokina teknisiye, masanin gini, shi ma ya duba ya ce aikin Baba ba irin na yanzu ba ne.”

Da na kawo wa Sha'ibu amsa sai ya ce ai rashin tsagar shi ne abin tsoron. Na koma karo na biyu, wannan karon na faɗi magana a fili, na ce a fasa simintin a duba, ko kuma a kwashe su daga ɗakin. Fuskar Mahamud ta canja. Ya sunkuyar da kai cikin ladabi, amma na ga ran ya ɓaci.

“Gwaggo, a tsakiyar damina zan tuɓe bango in bar shi a fili? Ai shi ne zai faɗi. Kuma me mutane za su ce? In Baba yana ganin gidan bai dace da ita ba ne, sai a gaya mini kai tsaye.”

Maganarsa ta farko tana da ƙamshin gaskiya, ta biyun kuma ta rufe mini baki. Na shiga wurin Raudatu na ce ta janye gadon daga jikin bangon. Ta nuna mini ɗakin, nan ƙofa, nan taga, nan armuwar, wato kabad, da kayan jerenta, ina za a kai gado? Don ta faranta mini ta sa muka ja shi kamar tafin hannu ɗaya. Tana haki da cikinta ta dafa shuɗin bangon tana dariya.

“Gwaggo ke nan. Baba ne fa ya yi shi. Aikin Baba ba ya faɗuwa.”

Wannan maganar ban kai masa ba. Na san in ya ji ta ba zai ƙara runtsawa ba.

Daga nan ya shiga wata ɗabi'a. Kullum da hantsi, in ya daidaici Mahamud ya tafi biro, sai ya bi ta lungun kamar mai wucewa, ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. Ya ce mini inda ƙasa ke manne da siminti ƙarar a daskare take, inda ta saki kuwa sai ka ji kamar ka buga gora. Ya riƙa sa ɗigon gawayi a iyakar inda ƙarar gora ta tsaya. Makon farko ɗigon yana daidai idon sawu. Bayan ruwa biyu ya kai ƙwauri. Na je da kaina na ga ɗige-ɗigen nan suna hawa, ƙanana, wanda bai sani ba sai ya ce wasan yara ne.

Ya daina cin abinci. Shatu ta ɗauka ciwon shawara ne, ta yi ta dafa masa saiwoyi. In hadari ya haɗu, ko yana kan tsani a shantiye, wato wurin gini, sai ya sauko ya bar kwaɓi yana bushewa, ya tafi Zango ya tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi da ke bakin lungun. A nan ruwa zai same shi ya gama dukansa, idonsa a kan bangon. Masu shago suka fara raɗa cewa magini ya taɓu. Wani ya ce aljanun tsohon gida ne suka kama shi. Sau biyu ina zuwa in ja shi, yana rawar sanyi, leɓɓansa sun yi fari.

“Kai, tsayuwarka a nan me za ta hana?” na ce masa. “Ko da ido za ka tokare shi?”

“Ba za ta hana komai ba. Amma in na zauna a gida ji nake kamar yana faɗuwa a lokacin.”

“To ka shiga ka gaya musu da bakinka mana.”

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. Haushi ya kama ni, na ce masa kunyarsa za ta kashe mutane. Ban taɓa faɗa masa magana mai zafin wannan ba, kuma ba cikin wasa na faɗa ba. Ni ma daga ranar barcina ya ƙaurace, ko iska ta kaɗa ƙyauren ɗakina sai gabana ya faɗi.

A cikin watan takwas aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Rana ta huɗu gari ya waye da rana, amma tun azahar gabas ta fara baƙi. Sai ga shi a ƙofar gidana da guduma a hannu. Ya ce ɗigon ya wuce gwiwa. Ya ce in zo in raka shi, don in abin ya zama abin kunya a sami wanda zai ba surukinsa haƙuri.

Muka shiga lungun, ƙafafunmu suna nutsewa cikin taɓo. Ya tsaya gaban bangon, ya yi bisimilla, ya ɗaga guduma ya buga daidai ƙirjinsa. Siminti ya fashe, ya ɓamɓare wani yanki kamar faifai. Ƙasar da ke baya ja ce, busasshiya, ƙura ma ta tashi.

Ban san yadda zan kwatanta fuskarsa a lokacin ba. Rabinsa yana godiya ga Allah, rabinsa ya ga ya fasa gidan surukinsa da rana tsaka a banza. Ƙarar ta jawo mutane, masu shago da mata masu leƙe ta katanga. Wani ya buga wa Mahamud talho. Kafin Sha'ibu ya gama tsayuwar rashin sanin abin yi, sai ga moto, wato babur, ta tsaya a bakin lungu, Mahamud ya sauko da rigar biro, yana tsallake taɓo.

“Baba, lafiya? Me ya faru? Da kun aiko ai da na zo.”

Muryarsa a ƙasa take, amma jijiyar wuyansa ta tashi. Sha'ibu bai dube shi ba. Ya durƙusa cikin taɓon nan da farar rigarsa, ya nemi ɗigon gawayi na ƙarshe, ya sauka ƙasa da shi kaɗan, ya buga. Ba da ƙarfi ma ya buga ba. Simintin ya faɗa ciki kamar ɓawon ƙwai, baƙar ƙasa ta fara tsiyayowa a hankali tana bin shuɗin fenti. Warin nan na tsohuwar rijiya ya cika lungun.

Ya ajiye guduma ya sa hannu a ramin. Hannu ya shige har wuyan hannu. Ya tura, ya shige har gwiwar hannu, babu abin da ya tare shi. Ya ƙara turawa har kafaɗarsa ta manne da bango, kuncinsa a jikin fenti. Sai na ga idonsa ya fito, ya daskare a wurin.

“Larai,” ya ce a hankali. “An riƙe mini yatsa.”

Na ce me?

“Hannu ne ƙarami. Ya riƙe ni. Shiga ki fito da su. Kada ki yi gudu. Kada ki bugi ƙofa. Kada kowa ya taɓa gadon.”

Ban san yadda na zagaya na shiga gidan ba, na dai san Mahamud yana bayana yana salati. Raudatu tana kwance a kan gadon, nauyin ciki ya sa barcin rana ya ɗauke ta, duk bugun nan ta ɗauka maƙwabta ne ke gyara. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado. Munira tana ciki a kwance rub da ciki, ta kama yatsun kakanta biyu da suka ɓullo ta bango, tana ƙyalƙyala dariya. A gefenta ga 'yan tukwanen wasa a jere, sun fi goma, da cokali. Ashe simintin ciki ya daɗe da fashewa a bayan gadon, yarinyar ta samu rami, kwana da kwanaki tana ɗibar ƙasar bangon da cokali tana gina tukwane. Uwar ta sha yi mata faɗa a kan inda take samo taɓo.

Na ce, “Munira, zo ki karɓi alawa.” Ta ce sai ta gama gaisawa da mutumin cikin bango. Na miƙa hannu na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ina jin wani abu yana zubowa siririn-siririn a cikin bangon kamar ana tsiyayar da gero. Mahamud ya tashi matarsa, ya riƙe ta suka fita a hankali, ko takalmi ba ta sa ba. Ni na fito da yarinyar a kafaɗa. Sai da na kai tsakar gida na sauke ta.

Da na koma lungun, Sha'ibu yana nan yadda na bar shi, hannu a cikin bango. Na ce sun fita. Bai motsa ba. Na sake cewa sun fita duka, har ita. Sai ya ce ƙasar ta sauko ta danne masa hannu, yana tsoron in ya zare bangon zai biyo shi. Maza biyu suka kama shi ta ƙugu suka fizge shi baya, suka faɗi tare cikin taɓo. Bangon bai faɗi ba. Aka yi ruwan la'asar, bai faɗi ba. Sai washegari da azahar, babu ko ɗigon ruwa, ya kwanta ciki gaba ɗaya. Gadon ƙarfe ne, amma da aka tono shi ya lanƙwashe kamar an taka gwangwani.

Raudatu ta dawo gidana, a nan ta haihu, namiji. Gidana kuwa na bulo ne da kwano, ɗana ya gina mini, kuma na yi ta yi wa mutane fariya da shi. Bayan suna Mahamud ya je zauren Sha'ibu ya tsuguna, ni ina gefe. Ya ba da haƙuri, sa'an nan ya ce shi kam ya tsorata da ƙasa, birik da tol zai yi, wato bulo da kwano.

Sha'ibu ya yi maganarsa yana kallona, kamar da ni yake. Ya ce bulo ba zai yi irin wannan faɗuwar ba, wannan gaskiya ne, kuma ba zai hana kowa ba. Sai dai a tuna da zafin watan huɗu, a tuna kuran, wato lantarki, yana yankewa, bantilate kuwa, fanka ke nan, ba ta juyawa da addu'a. Ya ce in ƙasa za a yi, to dutse za a sa daga tushe har ƙugu, tunda dutse ba abin da garin nan ya rasa ba ne, don kada ruwan lungu ya hau. Daga nan tubali mai kauri, a yaɓe waje da laso, ciki da farar ƙasa, a sa indararo dogo mai zubarwa nesa. Siminti kuwa iyakarsa tsakanin duwatsu da daɓen ƙasa, kada ya taɓa jikin tubali. Kuma duk shekara sai an hau an duba, babu ranar da za a ce an gama da shi.

“Laifin ba na ƙasa ba ne,” ya ce. “Nawa ne. Amma mai gida shi ke zaɓe. Na zaɓar masa sau ɗaya, an ga abin da ya fito.”

Mahamud ya yi ta jan ƙafa har bazara ta shigo. Bazarar ce ta yanke maganar. Jaririn ya feso da ƙuraje tun daga wuya har cinya, ba ya barcin rana, muna jiƙa zane muna rataya a taga yana bushewa kafin a juya. Kwanon ɗakina yana ƙara ƙas-ƙas don zafi. Wata rana Mahamud ya zo da azahar, ya zauna minti kaɗan gumi ya jiƙa masa riga. Raudatu ta miƙa masa yaron ta ce, “Ni dai ɗakin ƙasa nake so. A bar Baba ya yi yadda ya ce.” Na ji zafin a raina wa gidana, amma ban da bakin musu.

Sha'ibu ya yi ginin kafin ruwa ya sauka. Da kansa ya je marina neman katsi, ya je majema neman gashi, abin da ya rabu da shi shekara talatin. Ɗakin ya fito ja-ja, ba shuɗi ba santsi, amma in ka shiga da rana sai ka yi ajiyar zuciya. Sauran bangayen gidan ma duk ya tuɓe musu siminti suka sha iska. Raudatu ta koma, sai dai ya aiko ni da sharaɗi: a ƙaramin ɗakin baya za ta zauna, kada a sa ko tabarma a sabon ɗakin sai damina ta wuce.

Ruwan farko da aka yi, sai ga shi ya yi sallama a gidan surukinsa, mutumin da shekara takwas bai taka gidan tana ciki ba. Ya wuce 'yarsa a tsakar gida kansa a sunkuye, ya shiga sabon ɗakin da buzunsa ya zauna. Da ruwa ya ɗauke ya fito ya tafi. Haka ya yi ta yi duk daminar, da zarar gabas ta yi baƙi zai ajiye abin da yake yi ya taho. Raudatu takan ajiye masa shayi a bakin ƙofa ta koma.

Ran nan hadari ya tare ni a Zango, na fake a gidan. Na leƙa ɗakin na same shi zaune, ya jingina bayansa da bangon gabas, tafin hannunsa ɗaya a manne da shi. Ruwa yana dukan bangon ta waje, tsawa tana yi. Ya rame, gemun ya yi fari fat.

“Kai, sarkin teloli,” na ce, “wai ba ka yarda da aikinka ba ne?”

“Na yarda da shi.”

“To zaman me kake yi a nan?”

Ya shafa bangon da tafinsa. Sa'an nan ya ce, “Wancan ma na yarda da shi, Larai. Ranar da na gama shi, ji na yi ban taɓa yin aiki mai kyansa ba.”

Na shiga na zauna a gefen buzun, ban jingina da bangon ba, muka jira ruwan ya ɗauke.